Muna da Nas a Gida

Ranar da aka sallami Baba daga asibiti, ba wanda ya tambayi Sista ko za ta iya. 'Ya'yansa huɗu ne suka tsaya a barandar ɗakin maza suka yanke shawara, ita kuwa tana can ɗakin mata tana neman jijiya a hannun wata tsohuwa. Ko da ta fito, an riga an gama magana.

"Gidanku za a wuce da shi," in ji Yaya Babba, wan mijinta, yana kaɗa makullin mota a yatsa. "Allah ya rufa mana asiri, muna da nas a gida. Wasu nema suke yi ido rufe ba su samu ba."

Ta dubi mijinta. Shi kuma ya dubi takalminsa.

"To, Yaya," ta ce. "Allah ya ba shi lafiya."

Baba, surukin nata, mutum ne mai jiki, tsohon direban babbar mota, wanda ko a tsufansa sai mutum biyu sun haɗu suke iya ɗaga shi. Ciwon ya shanye masa ɓarin dama, ya ɗauke masa magana. Likita ya rubuta ƙa'idoji a takarda: a juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, a yi masa allurar suga safe da yamma, a ba shi abinci mai ruwa-ruwa da ƙaramin cokali don kada ya shaƙe. Yaya Babba ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ninke ta ba tare da ya karanta ba, ya miƙa wa Sista.

"Ke kika san yarenku."

Aka tsara cewa Auta, ƙanen mijinta, zai riƙa zama da Baba idan tana wurin aiki. Auta ya haura shekara talatin, ƙaƙƙarfa ne, ba shi da sana'ar da ta wuce zuwa wurin motsa jiki yana ɗaga ƙarfe, har rigunansa sun matse shi a damtse.

Rana ta farko da ta dawo daga dutin safe, wajen ƙarfe uku, tun daga bakin ƙofa wari ya tare ta. Auta yana falo ya miƙe ƙafa yana latsa waya. Baba yana kwance yadda ta bar shi, zanen gado ya jiƙe sharkaf, idanunsa a kan silin.

"Auta, ba ka juya shi ba?"

"Na ba shi ruwa, Anti. Har sau biyu." Ya sosa ƙeya. "Wallahi ni zuciyata ba ta ɗauka. Ina ɗaga bargon nan na gan shi a haka, sai jiri ya kwashe ni. Ku an koya muku, kun saba."

Ko farar rigarta ba ta cire ba. Ta ɗora ruwa, ta sa safar hannu, ta kafa gwiwa a gefen gado ta jawo shi da dukkan ƙarfinta har ta ji wani abu ya ɗaure mata a ƙugu. Amma ba nauyin jikinsa ne ya fi damunta ba. Shekara goma sha ɗaya tana gaishe da mutumin nan kanta a sunkuye, yau ga shi ita ke tuɓe shi. Baba ya juya fuska bango ya runtse ido. Da ta gama, ya kamo bakin rigarta da hannunsa mai lafiya, bakinsa ya yi ta motsi, da ƙyar wani abu mai kama da "sannu" ya fito. Ita ce kaɗai sannun da ta samu a makon.

Da mijinta ya dawo daga shagonsa na kayan gini, ta bari ya ci abinci ya sha ruwa, sannan ta zauna kusa da shi.

"Abbansu, da za ka riƙa kama min wajen wankan Baba. Namiji ne, kuma mahaifinka ne. Shi ma zai fi sakewa."

"Haba, Sista! Ni in ga tsiraicin mahaifina? Ke ai a aikinku babu kunya. Maza nawa kika wanke a asibiti?"

"A ɗakin mata nake aiki."

"To, duk ɗaya ne. Lada fa kike kwasa, ba ki sani ba."

Ɗakin matan da take aiki gado talatin da shida ne, ban da waɗanda aka shimfiɗa wa katifa a ƙasa. A da nas biyar ke kowane duti. Wasu suka tafi ƙasashen waje, wasu suka yi ritaya, wata ta ajiye aikin ta buɗe shagon ɗinki, ba a kawo ko mutum ɗaya a madadinsu ba. Yanzu su biyu ne, yawanci ita da wata abokiyar aikinta da ake kira Doguwa. Daga shigarta har fitarta kira ne ta ko'ina. Sista, ruwan ya ƙare. Sista, jini na komawa cikin roba. Sista, zo ki ga yadda take numfashi. Ko fitsari ne ya kama ta sai ta riƙe shi har a tashi, shayin da ta haɗa da safe kuwa sau da yawa a nan take tarar da shi ya yi sanyi, ƙuda ya faɗa ciki.

Da can idan ta fito daga wannan ɗaki, takan zauna a bas ta jingina kai da taga, ta san gida za ta je ta miƙe ƙafa. Yanzu idan bas ta doso unguwarsu sai gabanta ya riƙa faɗuwa. In dutin dare ta yi, da safe ta dawo ta tarar da wanki da wanka da allura suna jiranta, ta shirya 'ya'yanta mata biyu su tafi makaranta, ta kwanta ta saita agogon waya ya tashe ta bayan awa biyu. Sau tari kafin agogon ya buga ma ba ta runtsa ba. Ƙaramar 'yarta ta daina kawo mata littafin makaranta ta gani, don ta gane amsar kullum "anjima" ce.

Sai mantuwa ta shigo. Takan tsaya gaban kabad ɗin magani ta rasa abin da ya kawo ta. Ta daka wa wata mai jinya tsawa don kawai ta tambaye ta sau biyu yaushe likita zai zo, ita da a da ake cewa a je wajen Sista mai haƙuri. Abin da ya fi ba ta tsoro ya faru ne ranar da wata matashiya da suka yi mako uku suna jinya ta cika. Uwar yarinyar ta zube ƙasa ta rungume ƙafafun Sista tana kuka, ita kuwa abin da ya zo mata a rai kawai shi ne gado ya samu, za a ɗago ta ƙasa a ɗora. Ta shiga banɗaki ta kulle, ta tsaya gaban madubi tana jiran hawaye. Ba su zo ba.

"Ke, kin ga idonki kuwa?" in ji Doguwa da ta fito. "Wallahi in kika kwanta a gado na bakwai, likita zai rubuta miki magani bai tambaye ki ko ke wace ce ba. Ki je wajen Metiron ki nemi hutunki, hakkinki ne."

Ta je. Metiron, shugabar nas-nas ɗin, ta saurare ta har ƙarshe, ta cire tabarau ta murza ido.

"'Yata, in na ba ki hutu wa zan sa a gurbinki? Kujerar nan? Ni kaina shekara uku rabona da hutu. Kowa a gajiye yake. Ki ƙara haƙuri, an ce za a ɗauki sababbi."

"Tun bara ake faɗar haka, Metiron."

"To, ni ma abin da ake faɗa min ke nan. Kuma matsalar gida a bar ta a gida. Da kin sa farar rigar nan kin zama ta marasa lafiya."

A wata na biyu gyambo ya fito a ƙugun Baba. Ta san zai fito, ta ga wurin yana ja tun kwanaki, ta roƙi Auta har ta gaji da roƙo. Ranar Asabar dangi suka cika gidan kamar yadda suka saba. Ita ta dafa abin da za su ci. Yaya Babba ya zo da takardar gwajin da aka yi wa matarsa a karanta masa. Ƙanwar mijinta, wadda ake kira 'Yar Baba don ita kaɗai ce mace a cikinsu, ta turo mata ɗanta a duba masa maƙogwaro, sannan ta shiga ɗaki ta riƙe hannun Baba ta ɗauki hoto, ta sa a waya a taya su addu'a. Garin gyara bargo don hoton ya yi kyau ne ta ga bandeji.

"Innalillahi! Gyambo? Matar Yaya, gyambo a jikin Baba, da nas a gida?"

Duk suka taso suka tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya ƙarasa ciki. Sista ta goge hannu a zanenta. Ta dubi Yaya Babba.

"Yaya, alfarma nake nema. Awa takwas nake yi ba na gida, wani lokaci goma sha shida, kuma ba mai juya shi. Ko dai a raba kwanakin, kowa ya ɗauki nasa in koya muku, abin minti goma ne. Ko kuma a samo mai jinya ya riƙa zama da shi da rana."

"Bare?" in ji Yaya Babba. "Bare ya riƙa taɓa Baba muna raye? Me mutane za su ce? A ce 'ya'ya huɗu da suruka nas sun kasa riƙe tsoho ɗaya?"

"To a raba kwanakin."

"Ni kin san matsalar bayana. Ko bokitin ruwa likita ya hana ni ɗauka."

"Ni kuma maigidana ba ya son yawan fita," in ji 'Yar Baba. "Kuma kin san ni, ko yankan wuƙa na gani sai in sume. Ba kowa Allah ya ba irin zuciyarku ba."

"Ni dai kullum ina nan," in ji Auta. "Ba wanda zai ce ba na ƙoƙari."

Suka yi wa Baba addu'a, suka ce mata ta riƙa kula sosai, suka tafi. Da ƙarar motar Yaya Babba ta ɓace, mijinta ya juyo gare ta.

"Kin kunyata ni a gaban 'yan'uwana. Mutanen da ba ki san daga inda suka fito ba kina kwashe musu kashi, ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba. Sai a kan mahaifina?"

"Abbansu, a can ana tashi daga aiki. A nan yaushe nake tashi? Ka bar ni in je gidan yayata kwana biyu kawai in yi barci. Kwana biyu. Hannuna ya fara rawa in zan yi allura."

"Wa zai yi wa Baba tasa allurar? Gajiya ai ba ciwo ba ce, Sista. Ki sha magani, ke da kike cikin magunguna."

Abin ya faru ne ranar Talata. Litinin ta wuni a kan Baba yana fama da zazzaɓi, daga nan ta wuce dutin dare. Da gari ya waye wadda za ta karɓe ta ba ta zo ba, ɗanta ba lafiya. Metiron ta aiko a ce ta zarce da na safe, su yi da Doguwa. A kwana biyun nan barcin da ta yi bai kai awa uku ba.

Ƙarfe goma tana zagayen ba da magani. A gado na huɗu akwai wata dattijuwa da aka kawo da gudawa, jininta ya yi ƙasa sosai. A gado na goma sha huɗu kuma akwai mai hawan jini, wadda likita ya rubuta wa allurar saukar da shi. Sista ta zuƙi allurar ke nan wayarta ta fara motsi a aljihu. Ta share, ta sake motsi, ta sake. Ta ɗauka.

"Anti, Baba ya yi amai, ya ɓata ko'ina," in ji Auta. "Ni ban san yadda zan yi ba. Yaushe za ki dawo?"

"Ka karkata kansa gefe kada ya shaƙe. Gefe, Auta! Ka taɓa shi, mahaifinka ne!"

"Wallahi warin ne, Anti. Ki dai yi sauri."

Ta mayar da wayar aljihu. Ta tsaya da allura a hannu, ɗakin yana juya mata a hankali. Huɗu kawai ta riƙe a kanta. Ta je gado na huɗu, ta ce, "Sannu, Mama, kawo hannun," dattijuwar ta miƙo har tana sa mata albarka.

Ba a yi minti ashirin ba 'yar dattijuwar ta ƙwalla ihu. Doguwa ce ta fara isa. Ta taɓa wuyan matar, ta ɗauki katin da ke rataye a gadon, ta dubi ƙaramar kwalbar da ke cikin tire, sannan ta ɗago ta dubi Sista. Ta ruga kiran likita.

Dattijuwar ba ta mutu ba. Ta kwana huɗu a ɗakin kulawa ta musamman, kuma likitoci suka ce ƙodarta ba za ta koma yadda take ba. 'Yarta ta tare Sista a baranda, a gaban jama'a.

"Ke ba ki da tsoho a gida ne? Da uwarki ce ko ubanki, haka za ki yi wasa da ransa? Ku nas-nas ɗin nan ba ku da imani, wallahi. Kina ta waya, ina kallonki!"

Sista ta tsaya ta ji duka. Babu kalma ɗaya a ciki da ba ta riga ta faɗa wa kanta ba.

Bayan mako guda aka kira ta gaban kwamiti, mutum biyar a bayan dogon tebur. Shugabansu, wani likita mai furfura, ya yi ta juya fayil ɗinta.

"Shekara goma sha uku kina aiki, ko takardar gargaɗi ba ki taɓa samu ba. In kin san kin gaji haka, me ya hana ki faɗa?"

Ta dubi Metiron. Metiron ta duƙufa tana daidaita takardun gabanta.

"Ba ni da abin cewa, ranka ya daɗe. Ni na yi."

Aka dakatar da ita wata shida, aka ce za a miƙa maganar ga hukumar da ke ba su lasisin aiki, ita za ta yanke ko za ta sake sa farar riga. Doguwa ta rako ta har bakin get tana share hawaye, sannan ta koma da gudu, don ita kaɗai ta rage a ɗakin.

Da la'asar ta isa gida. Mijinta yana falo shi da Auta. Ta miƙa masa takardar ta zauna a hannun kujera, tana jiran ko faɗa ne ya yi mata, ko ya tambaye ta yaya matar take. Ya karanta, ya yi ajiyar zuciya.

"Allah ya kyauta. Amma ni in kin bi ta tawa, alheri ne. Dama aikin nan ya hana ki kula da gida."

Ya kira Yaya Babba, ya buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Alhamdulillahi!" in ji Yaya Babba. "Kin ga ikon Allah ko, Sista? Daidai lokacin da Baba ya fi buƙatarki. Yanzu sai ki tsaya ki warkar mana da gyambon nan. In sun ce ma kada ki koma, ki bar musu abinsu."

Auta ya miƙe yana naɗe wayar cajinsa. "Ke nan ni na sauka, Anti. Gaskiya na yi ƙoƙari, jikina duk ya saki." Kafin magariba 'Yar Baba ta kira ta yi mata jaje a gurguje, sannan ta ce uwar mijinta na fama da ciwon ƙafa irin na masu suga, tunda yanzu tana gida za ta riƙa kawo ta kullum da safe a wanke mata.

Babu mugu a cikinsu, in ka tambaye su. Kowa yana son Baba, kowa yana da uzurinsa, kuma kowane uzuri in ka ɗauke shi shi kaɗai sai ka ce ai gaskiya ne. Asibiti ya ce ta bar matsalar gida a gida, gida ya ce ai aikinta ne na asibiti. Suka haɗu suka ɗora wa mace ɗaya kayan mutum goma, da ya zube a kan wata baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba, sai aka nemo wadda ta ɗauko kayan aka hukunta ta. Ba a kira Auta gaban kwamiti ba. Ba a tambayi Yaya Babba takardar likitan da ya hana shi ɗaukar bokiti ba. Ba a tambayi masu ɗaukar ma'aikata ina sababbin da suka yi alkawari ba. Sunan mutum ɗaya ne a takardar.

Ta shiga ɗakinta ta tura ƙofa. Ƙeyarta na sara kamar ana buga guduma, idonta na ganin wasu ƙananan taurari. Ta jawo na'urar awon jini daga jakar aikinta, ta ɗaura a damtsenta, ta danna. Ta jira ta matse ta saki, sannan ta duba lambar.

Da a hannun mara lafiya ta ga wannan lamba, da tuni ta kwantar da shi ta ruga neman likita, ta hana kowa yi masa magana. Ta daɗe tana kallonta. Ta dubi ƙofa, ta lissafa mutanen da ke cikin gidan ɗaya bayan ɗaya, ta rasa wanda za ta nuna wa.

"Sista!" muryar mijinta ta taso daga falo. "Kamar Baba ya ɓata shimfiɗa fa. Ki zo ki duba, warin na shigowa har nan."

Ta kwance na'urar, ta kashe ta, ta mayar cikin jaka. Ta dafa bango ta miƙe.

"Ina zuwa," ta ce.